Gona ɗaya, iyaka huɗu: tazarar da takarda ta kasa ɗauka

Bayan an gama girbin gero, sanyi bai kankama ba tukuna, wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida nan Maradi da kwamfutarsa cikin jaka. Ni na koyar da shi lissafi a lise. Daga baya ya karanci aikin gona da muhalli a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, yanzu kuma yana taimaka wa kwamitin filaye na wani yanki a kudancin birni, irin kwamitocin da dokar karkara ta 1993 ta tanada, waɗanda mutane ke kira Kofo. Ko shayi bai tsaya sha ba ya buɗe kwamfutar ya ce, "Mushe, duba min. Ko dai manhajar nan ta lalace, ko ni ne kaina ya toshe."

Maganar gonar gado ce. Mai ita ya rasu, za a raba wa magada, amma ba a raba abin da ba a san iyakarsa ba. Gonar doguwa ce, ta miƙe daga yamma zuwa gabas, faɗinta mita 50. Kudu da arewa babu gardama: burtali ne a kudu, layin gamba kuma a arewa, wanda marigayin ya dasa da hannunsa. Rigimar tana kan goshi biyu, na yamma da na gabas. Akwai wani tsohon gawo a yamma da kowa ya yarda da shi, don haka daga gindinsa ɗalibin ya riƙa awo. Na daidaita alƙaluman zuwa goma-goma saboda sauƙin karatu, ainihinsu ya kauce da mita ɗaya ko biyu. Babban ɗan marigayin ya ce gonar ta fara daga gindin gawon, ta ƙare a mita 100. Maƙwabcin yamma ya ce a'a, daga mita 20 ta fara, ta ƙare a 100. Ƙanen marigayin, wanda suka yi noma tare tun suna samari, ya nuna daga mita 10 zuwa 110. Maƙwabcin gabas ya ce daga 10 zuwa 90.

Abin da yaron ya so yi abu ne mai kyau, kuma na yaba masa. Ya ce dattawa sun gaji da jin lambobi, gani ya kori ji. Yana so ya zana kowace shaida a matsayin ɗigo ɗaya a kan takarda, yadda in an ɗora rula tsakanin ɗigo biyu za a karanta girman saɓanin da ke tsakanin shaidun biyu. Waɗanda maganarsu ta yi kusa su zauna kusa, waɗanda suka yi hannun riga su yi nisa.

Ma'aunin saɓanin da ya zaɓa shi ne tazarar Hausdorff, kuma ya zaɓa daidai. Ga yadda ake fahimtarta da ƙafa. Tsaya a ko'ina cikin gonar da mutum na farko ya nuna, ka taka ta hanya mafi kusa har ka shiga gonar da na biyu ya nuna. In dama kana ciki, tafiyarka sifili ce. Nemi wurin da tafiyar ta fi tsawo, ka riƙe wannan tsawon. Sai a juya, a fara daga gonar na biyu zuwa ta farko. Wanda ya fi girma cikin biyun shi ne tazarar. Wani masani ɗan Romaniya, Dimitrie Pompeiu, ya fara kawo irin wannan awo a 1905, sannan Felix Hausdorff na Jamus ya ba shi siffar da ake amfani da ita yau a littafinsa na 1914. Sharaɗi biyu ake nema ga yankunan da za a auna. Dole su kasance masu iyaka, in ba haka ba tafiyar na iya zama marar ƙarshe. Dole kuma su zama rufaffu, wato layin bakinsu yana cikinsu, domin gona da bakinta da gona ba bakinta tazararsu sifili ce alhali ba abu ɗaya ba ne. A kan shimfiɗaɗɗen fili, waɗannan sharuɗɗa biyu su ne abin da masana ke nufi da dunƙulallen yanki. Duk irin waɗannan yankuna, in aka tara su aka sa musu wannan ma'auni, sun zama wata duniya ta kansu, wadda kowane ɗigo a cikinta gona ce sukutum.

Tunda faɗin gonakin huɗu ɗaya ne, lissafin ya yi sauƙi. Dubi bambancin mafari, dubi bambancin maƙura, ɗauki wanda ya fi. Tsakanin ɗan marigayin da baffansa: mafari ya bambanta da 10, maƙura da 10, tazara 10. Baffa da maƙwabcin yamma, 10. Maƙwabcin yamma da na gabas, 10. Na gabas da ɗan marigayin, 10. Saura biyu: ɗan marigayin da maƙwabcin yamma 20, baffa da maƙwabcin gabas 20.

Waɗannan lambobi shida ya zuba wa manhajar da ke mayar da jadawalin tazara ya zama zane. Ta fitar masa da ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin tabarma mai tsawo da faɗi ɗaya. Da ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ya sami 20, daidai. Da ya auna gefuna sai ya ga 14 da ɗan ɗoriya a inda ya kamata ya ga 10. Ya rage zanen har gefuna suka zama 10, sai na tsakiya suka koma 14. Kwana biyu yana wannan fama, in ya gyara nan can ya ɓaci.

Na ce masa ya rufe kwamfutar, muka fita tsakar gida da tsinke. Na ce ya sa ɗigon ɗan marigayin a ƙasa, ya auna taki 20 ya sa na maƙwabcin yamma. "To ɗana, ina baffa zai zauna? Taki 10 daga wannan, taki 10 daga wancan." Ya ce tsakiya, babu wani wuri. Na ce madalla, maƙwabcin gabas fa? Shi ma 10 ne daga kowannensu. Ya ɗaga tsinken zai soka, sai ya tsaya, domin ya ga wurin da zai soka shi ne inda baffa yake. A ƙasa mutanen biyu sun hau kan juna, alhali jadawali ya ce tsakaninsu 20 ne, mafi girman saɓanin da ke cikin shari'ar baki ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa bai ce komai ba.

Manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da ya nema ne babu shi. A kan takarda, tsakanin ɗigo biyu tsakiya ɗaya ce tak. Haka abin yake ko an ƙara zurfi a kan tsawo da faɗi, ko an ƙara wasu fuskoki dubu, muddin da ƙa'idar Pythagoras ake awo, wato awon miƙaƙƙen layi irin na rula. Akwai ma dokar da ke faɗin girman ƙaryar da ba makawa sai an yi. A irin wannan sarari, in ka ɗauki ɗigo huɗu, ka ninka tsawon kowane layin tsakiya, wato na kusurwa zuwa kishiyarta, da kansa ka haɗa, jimlar ba ta wuce ta gefuna huɗu da aka yi musu haka. A gonarmu layukan tsakiya sun ba da 400 da 400, wato 800, gefuna huɗu kuma 400 kacal. Ninki biyu ke nan. Saboda haka duk zanen da za a yi, sai an sami wata tazara da aka kumbura a kan wata da aƙalla ninki 1.41, kuma shi ne 14 ɗin da ya hana shi barci. Isaac Schoenberg ya bayar da cikakken gwajin wannan a 1935: akwai wasu lambobi da ake fitarwa daga jadawalin tazara, in ɗaya ta faɗi ƙasa da sifili to jadawalin ba zai zauna a sararin Pythagoras ba. Da muka koma ɗaki muka duba rahoton manhajar, ga lambobin nan: 200, 200, sifili, sai 100 ƙasa da sifili. Ta faɗa masa tun ranar farko, a wani layi da bai san amfaninsa ba.

Abin da ya fi burge ni a lamarin nan ya zo ne bayan haka. Na ba shi takarda mai gida-gida na ce ya manta da manhaja, ya sa mafarin kowace gona a layin kwance, maƙurarta a layin tsaye. Ɗan marigayin ya faɗa a 0 da 100, baffa a 10 da 110, maƙwabcin yamma a 20 da 100, na gabas a 10 da 90. Da ya ɗaga takardar sai ga zanen manhajar sak, an ɗan karkata shi ya tsaya a kan kusurwa ɗaya. Ashe hoton daidai yake, rular ce ba tasa ba. In za ka auna tsakanin ɗigo biyu a wannan takarda, ƙirga gidajen da ka matsa a kwance, ƙirga waɗanda ka hau a tsaye, ka ɗauki mafi yawa ka bar ɗayan. Da wannan awo tazara shida duka suka fito daidai, babu ragi babu ƙari. Wannan shi ake kira dashe mai kiyaye tazara. Kamar yadda ake cire irin albasa daga bedi a kai shi fadama, an ciro gonaki daga duniyarsu an dasa su a wani sarari na lambobi, kuma nisan da ke tsakaninsu bai motsa ba.

Dabarar ba ta tsaya ga gonaki masu siffar tabarma ba. Ɗauki duk wani yanki marar lotsawa, wanda in ka miƙe igiya tsakanin kowane wuri biyu a cikinsa igiyar ba za ta fita waje ba. Ka zo da dogon katako miƙaƙƙe daga gabas, ka turo shi har ya taɓa yankin, ka rubuta nisansa daga gindin gawo. Ka yi haka daga arewa maso gabas, daga arewa, daga kowace fuska har ka kewayo. Abin da ka tara jadawali ne na jingina, lamba ɗaya ga kowace fuska, kuma Hermann Minkowski ya yi aiki da shi tun da daɗewa. Tazarar Hausdorff tsakanin yankuna biyu marasa lotsawa daidai take da bambanci mafi girma tsakanin jadawalansu. Hans Rådström na Suwidin ya nuna a 1952 cewa ana iya dasa irin waɗannan yankuna cikin sararin da ake tarawa da ninkawa ba tare da an ɓata tazara ba, Lars Hörmander kuma ya biyo baya ba da jimawa ba ya yi shi da wannan jadawali na jingina. Mafari da maƙura da muka zana su ne katakon yamma da katakon gabas. Na kudu da na arewa ba mu rubuta su ba saboda kowa ya yarda da su.

Amfanin wannan dashe ga mai sasanci shi ne ana iya ɗaukar matsakaici. Haɗa jadawali biyu ka raba biyu, abin da ya fito jadawalin wata gona ce ta gaske da za a iya kafa wa turaku. A nan ne na ja kunnen yaron sosai, domin kalmar "a raba tsakiya" tana da sauƙin faɗa a zauren mai gari. Tsakanin maganar ɗan marigayin da ta maƙwabcin yamma, duk gonar da ta fara a mita 10 ta ƙare a ko'ina tsakanin 90 da 110 tana nisan 10 daga kowannensu. Dukansu tsakiya ne. Mafi ƙanƙantarsu tsawonta 80, mafi girma 100, kuma mita 20 sau faɗin 50 murabba'in mita 1,000 ne, kashi ɗaya cikin goma na hekta. A ƙasar Maradi, inda gona ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado, wannan ba abin da za a bari ya salwanta cikin kalma ɗaya ba ne. Sai an sa shaidu huɗun gaba ɗaya sannan amsa ke zama guda. Saɓanin yamma ya tilasta mafari ya zama 10, na gabas ya tilasta maƙura ta zama 100. Gona daga 10 zuwa 100 ita kaɗai ce ba ta yi nisan fiye da mita 10 daga maganar kowa ba. Babu wanda ya ambace ta cikin su huɗun.

Da a nan aka tsaya da lamarin ya zo da sauƙi. Mako guda bayan haka yaron ya koma gonar ya taka bakinta da GPS na waya, sai ya tarar goshin gabas ba miƙaƙƙe ba ne. Ruwan damina ya yanko kwazazzabo ya shigo cikin gonar, faɗinsa kamar mita 12, ya kutsa ciki kamar mita 15, gefunansa kusan a miƙe. Maƙwabcin gabas yana cewa ramin da abin da ke bayansa ba na gonar ba ne, baffa yana cewa ƙasar ɗan'uwansa ce ruwa ya ci. Yaron ya kira ni daga can, iska na kaɗa maganarsa: "Mushe, jadawalin katakon nan bai ga ramin ba kwata-kwata." Gaskiyarsa. Katako yana jingina ne da wuraren da suka fi turowa, ba ya shiga lungu. Gona mai rami da gona cikakkiya jadawalinsu na jingina ɗaya ne, don haka dashen ya daina kiyaye tazara da zarar lotsawa ta shigo.

Akwai wani dashen da ba ruwansa da siffa, kuma shi ne ainihin amsar tambayar ga dukkan dunƙulallun yankuna. A maimakon fuskoki, a bi wurare. Ga kowane wuri a filin, a rubuta nisansa daga gonar: sifili in yana ciki, in yana waje kuma tsawon tafiya mafi kusa. Kowace gona ta zama jadawalin nisa. Bambanci mafi girma tsakanin jadawalan gonaki biyu shi ne tazarar Hausdorff ɗinsu, cif. Hujjar gajera ce har na rubuta masa ita a saƙon waya. In babu wani wuri a gonar farko da ya fi mita kaza nisa daga ta biyu, to duk inda mutum yake, ya fara zuwa gonar farko sannan ya ƙara abin da bai wuce mita kazan ba ya isa ta biyu, saboda haka jadawalan ba za su bambanta da fiye da haka ba. A ɗaya hannun, in ka tsaya a wurin da ya fi kowane nisa, jadawali ɗaya na cewa sifili, ɗayan na faɗin cikakkiyar tazarar. Tushen dabarar tsoho ne. Maurice Fréchet na Faransa, wanda ya kafa ilimin sararin tazara a 1906, ya yi amfani da irinta a 1910, Kazimierz Kuratowski kuma ya ba ta siffarta ta gama-gari a 1935: kowane abu ana iya wakiltarsa da jerin nisansa daga sauran abubuwa. Irin wannan dashe ne kuma ke ƙarƙashin ma'aunin da Mikhail Gromov ya yaɗa a 1981 don kwatanta sarari biyu da ba sa zaune a fili ɗaya.

Wurare a fili ba su ƙirguwa, kwamfuta kuma tana son adadi. Yaron ya shimfiɗa raga a kan taswirar, mita 130 a tsawo da 70 a faɗi, ɗigo ɗaya a kowace mita, jimla 9,301. Kuskuren da ragar ke jawowa yana da linzami, domin in ka matsa mita ɗaya nisanka daga gona ba zai canja da fiye da mita ɗaya ba. Babu wurin da ya fi kusan santimita 71 nisa daga wani ɗigon raga, don haka amsar ba za ta gaza gaskiya da fiye da mita ɗaya da rabi ba. GPS ɗin wayarsa ya fi wannan kaucewa nesa ba kusa ba, yakan yi wajen mita biyar ko a fili, shi ya sa na matsa masa ya sake auna ramin da igiyar awo kafin ya zuba komai.

Tazarar da ta fito tsakanin gona mai rami da cikakkiya mita 6 ce. Ya yi tsammanin 15. Amma wanda ke tsaye a tsakiyar kwazazzabon ba zai bi tsawonsa ba, gefe zai tsallaka, rabin 12. Murabba'in mita 180 na ƙasa sun tafi, ma'aunin kuma ya nuna lamba ƙarama. Wannan rauni ne na gaske a tazarar Hausdorff in ana maganar gado, domin ita nisa take gani, rabon magada kuma da yawan ƙasa ake yinsa. Ta ɗaya ɓangaren ma tana da saurin firgita: ɗigon GPS guda da ya yi tsalle mita 30 ya isa ya mayar da tazarar duka 30. Akwai kuma abin da aka rasa a sabon dashen. Matsakaicin jadawalan nisa biyu yana zama sifili ne kawai a inda gonakin biyu suka haɗu, kuma galibi ba jadawalin wata gona ba ne. An sami dashen da ke karɓar kowace siffa, an rasa damar raba tsakiya da lissafi.

Ranar zaman sasancin ban je ba, yaron ne ya ba ni labari. Na roƙe shi abu ɗaya kafin ya tafi, kada ya ce lissafi ya yanke hukunci, domin lissafin bai san wanda ya riga noma wurin ba, bai kuma san wanda mantuwa ta kama ba. Ya kai takardar mai gida-gida da ɗigo huɗu da na biyar a tsakiyarsu, ya bar kwamfuta a jaka. Ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, kowane gida mita biyar ne. In aka tsaya a wannan ɗigo, babu wanda aka matsa wa fiye da gida biyu." Baffan ya karɓi takardar ya bi gidajen da yatsa, a kwance sannan a tsaye, ya miƙa wa na kusa da shi.

An daidaita a kan goshin yamma a ranar, mita 10 daga gindin gawo, an kafa turaku, za a dasa gamba in ruwa ya sauka. Goshin gabas an ɗage shi. Dattawan sun ce a bari a ga inda kwazazzabon zai nufa a damina mai zuwa, a kuma fara jera duwatsu a bakinsa, magada da maƙwabci tare. Yaron ya adana jadawalin nisa na bana, zai sake awo da igiya bayan girbi ya kwatanta su.